Takalmi a Hanyar Korahane

"Kada ka wuce shi, Harisu."

Dela ce ta faɗi haka, tana tsaye bakin rumfar gyaran keke ta mahaifinta, da ƙwaryar fura a hannu wadda ta ma manta wa ta kawo wa. Harisu na tsugune yana ɗiga wa sarƙar kekensa mai. Bai ɗago ba.

"Tsere ne fa, Dela. Ba rakiyar amarya ba."

"Na sani. Amma Babana ne..."

"Ni ma Babana ne. Wa ya koya mini liƙin taya? Wa ya fara ɗora ni kan keke?"

"To, shi ya sa. Da kawunka Sallau ya zo neman aurena, mi Baba ya ce mishi? Sai bayan tsere. Kai ba ka ji abin da ke cikin maganar ba? In ka kunyata shi gaban duk Dakoro, ni da kai sai dai kallo daga nesa."

Sai a nan ya ɗago. Idonta ya cika taf, saura kaɗan ya zuba.

"Rabin raina, kar ki yi mini kuka da sassafe..."

"Yi mini alkawari."

Ya mai da kansa kan sarƙar keken. Ta ajiye furar a ƙasa ta juya, ko waiwaye babu.

Kowa a Dakoro ya san Abarci mai keke, mahaifin Dela. Duk shekara ana tseren ƴan keke daga gari zuwa Korahane a dawo, kuma kup ɗin da ake ba zakara ya daɗe a rataye a rumfarsa har gizo-gizo ya saba da shi. Bana dai gwiwa ta fara kai ƙara, ya ce daga wannan ya sauka. Yaron da ya raina kuwa, maraya Harisu, ƙafarsa ta yi ƙarfin da ba mai kamo shi. Kowa ya sani, ba dai mai faɗa.

Ga kuma surukuta ta shigo tsakani. A garin nan saurayi in ya hango surukinsa a hanya, saukowa yake daga keke, ya tuɓe takalmi, ya rusuna har mutumin ya wuce. Tun da aka kai tambaya Harisu bai ƙara haɗa ido da maigidansa ba, ko ruwa ba ya sha a gabansa. To, yau kuma a ce ya wuce shi a guje, ya bar shi da shaƙar ƙura? Abin da kamar wuya, wai gurguwa da auren nesa.

Hantsi na ɗagawa aka jeru gaban biro, wato ofishin magajin gari. Manoma, teloli, wani maƙeri, har da malamin lakkol, makarantar boko, kowa da lambarsa maƙale a baya. Abarci na gaba, ya ɗaure gwiwa da tsumma. A gefensa Jimrau na Roumbou, dogon saurayi mai kai madara kasuwa a keke, yana ta cika baki wai bana kup zai kwana garinsu.

Harisu ya nemi Dela cikin taro. Ya same ta bayan goggonta, ta ja mayafi har baki. Ba ta yi masa murmushi ba.

Aka busa usur.

Zuwa Korahane ba wani labari, sai zufa da gargada. Wasu taya ta fashe musu, maƙerin ya faɗa yashi ya tashi yana zagin kekensa. Da aka kewaye tutar juyawa aka kamo hanyar gida, saura mutum uku a gaba. Abarci, Harisu manne da tayarsa ta baya, sai Jimrau can baya kaɗan.

Nan Harisu ya fara jin abin da yake tsoro. Numfashin tsohon ya canza, yana fita da ƙara. Ƙafar hagu ba ta taka feda daidai. Sau da yawa sai Harisu ya taɓa birki don kada ya hau shi, kuma duk taɓawa ɗaya sai ya ji kamar zuciyarsa ya matse.

Ya waiwaya. Jimrau ya matso, har ana ganin haƙoransa.

"Baba..." ya ce a hankali. "Ga shi nan tahe."

Abarci ya ci gaba da taka feda. Ko kai bai juya ba.

Rufin gidajen Dakoro ya bayyana, ana jiyo kiɗa da guɗa. Harisu ya ji hawaye na gauraya da zufa. In ya zauna a baya, Jimrau zai share su duka biyu, kup ya bar rumfar da ta ciyar da shi, kuma a idon tsohon. In ya wuce, ya wuce surukinsa a bainar jama'a, ya kuma karya maganar Dela. Wallahi yana son yarinyar nan, son da ko barci ba ya barinsa ya yi. Amma bai taɓa jin Abarci ya koya masa taka birki don tsoro ba.

Tayar Jimrau ta iso daidai gwiwarsa.

Harisu ya zare ƙafar dama daga feda ya yarfar da takalminsa na roba. Ya yarfar da na hagu. Ya fito gefe, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙarfen keke, ya ce:

"Gafara, Baba."

Ya wuce.

Fedar kekensa ta daɗe da rabuwa da robarta, tsurar ƙarfe ce mai haƙora, ga rana ta gasa ta. Tun yana jin zafi har ya daina ji. Jimrau na huci a kunnensa, mutane na ihu, shi dai taka yake. Da faɗin taya ɗaya ya riga shi tsallake layi.

Aka ɗaga shi sama, aka sauke. Tafin ƙafarsa duk jini. Bai kula ba, hanya yake kallo.

Malamin lakkol ya iso. Teloli suka iso. Har maƙerin ya iso yana ɗingishi. Babu Abarci.

Dela ta ratso taro ta tsaya gabansa.

"Ina Babana?"

"Dela, ni..."

"Na roƙe ka. Abu guda na roƙe ka, Harisu. Yanzu ga shi ya yi fushi, ya ƙi ko shigowa gari..."

Harisu ya mai da ido kan hanya. Kup na hannunsa, ji yake kamar ya jefar. Kawu Sallau na gefe yana ta jan carbi, makaɗan ma sun yi shiru.

Can sai ga keke ɗaya tafe a hankali, na ƙarshe duka. Abarci ne, tsumman gwiwarsa ya kwance yana jan ƙasa. A ƙahon kekensa an rataye takalman roba guda biyu. Ashe tsayawa ya yi ya koma ya tsince su, ya bar kowa ya wuce shi.

Harisu ya zube a ƙasa ya sunkuyar da kai. Abarci ya sauka da ƙyar. Bai dube shi ba, kamar yadda suruki ba ya duban suruki. Sallau ya fuskanta.

"Da yaronka ya laɓe bayana ya bari kup ya tahi Roumbou, da ka koma da goronka. Ni ban raini matsoraci ba." Ya ja numfashi. "Mara kunya ma ban raina ba, na gani yau."

Sannan ya kwance takalman ya miƙa wa ɗiyarsa.

"Ungo. Ƙasa da zahi. Kai wa mijinki."

Goggo ta rangaɗa guɗa. Dela ta karɓa hannu biyu, kuka ya ƙwace mata. Ta durƙusa gaban Harisu, ta dubi ƙafafun nan da suka tsattsage, ta kama bakin mayafinta ta fara share jinin.

"Ai na ce kada ka wuce shi," ta ce cikin shessheƙa.

"Kin ce."

"Miƙo ɗayar."