Bakwai Mai Karyayyen Ƙaho

Kwana uku da saukowar alhazai daga Mina, a shekarar 1385 ta hijira, aka kira Sufeto Wada gidan waya da hantsi. A kan tebur ya tarar da buhu biyu cike da wasiƙu, masu zuwa Kano da Damagaram da Sakkwato.

"Kan sarkin da ke jikinsu duk na jabu ne," in ji shugaban ofishin cikin Larabci. "Daga hannun mace ɗaya suka fito, kuma 'yar cikinku ce."

A Makka aka haifi Wada, amma kakansa da ƙafa ya zo daga Haɗeja. Maganar ta sosa masa rai.

Matar tana zaune a kan benci, askari na tsaye a kanta. Sunanta Hajo, tana sayar da ambulan da kan sarki ga alhazai. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. In laifin ya tabbata a kanta, jirgin ruwa za a sa ta a Jidda, ta bar 'yarta da jikokinta a unguwar Nakkasa.

"Inna, wa ya ba ki kayan nan?" Wada ya tambaye ta da Hausa.

Ta ɗago kai da sauri. "Ashe ɗanmu ne! Sabo ne, mai shagon littattafan addu'a. Ya ce ya hutar da ni bin layin barid, gidan waya."

"Kina da ragowa?"

"Sun ƙare. Sai dai gefe-gefen da nake yagewa. Ba na zubarwa, da su nake liƙe ambulan in ta ƙi kamawa."

Ta kwance bakin mayafinta ta zuba masa 'yan guntayen fararen takardu. A jikin shida daga ciki akwai lamba ƙarama: sha bakwai.

Wada ya karɓi falle biyu na kan sarki na gaskiya a wurin shugaban ofishin, ya hau tudun Nakkasa. Akwai wani tsoho, Malam Rabe, da ya yi shekara ashirin yana haɗa haruffa a wata maɗaba'a a Omdurman ta Sudan kafin ya ƙaraso Makka. Wada ya same shi a ƙofar gida yana shan shayi.

Tsohon ya goge tabarau, ya shimfiɗa fallayen a kan cinyarsa.

"Kowace maɗaba'a da yadda take sa hannu, ɗana. Lambar nan ta farantin da aka buga da shi ce. Dubi wannan falle, aikin ƙasar waje ne: lambar Turawa ce, da harafi a gabanta, a kusurwar hagu. Wannan kuwa aikin gida ne, lambar Larabci, a dama."

"Na Hajo fa, Baba?"

Malam Rabe ya daɗe yana kallo, sannan ya yi 'yar dariya.

"Zanen na waje ne, lambar ta gida. Ba a taɓa yin haka ba. Kuma ba a jikin faranti take ba, taɓa bayan takardar ka ji, ta ɗan ɓullo. Da hannu aka ɗora ta daga baya, da harafin darma. Ka ga bakwai ɗin? Ƙahonta na dama a karye yake. Ka nemo akwatin da wannan harafi ya fito, ka sami mutuminka."

Shagon Sabo na gangaren kasuwa. Matashi ne mai tsafta, da farar jallabiya da murmushi.

"Ahlan, ya mufattish! Sannu Sufeto, bismillah, ga kujera."

"Kai ka ba Hajo kan sarki?"

"Ni ne. Taimako na yi. A tagar gidan waya na saya kamar kowa."

"Wace rana?"

"Juma'ar da ta wuce kafin Arfa."

"Ranar Juma'a tagar a rufe take."

"To, Alhamis ke nan. Kwanakin aikin hajji ruɗewa suke."

"Kana da injin bugu?"

"Ni? Wallahi daga Jidda ake kawo mini littattafan nan a ɗaure."

Wada ya ɗauki ɗan littafin addu'ar ɗawafi daga kan kanta. A nutse ya riƙa buɗawa, har ya zo shafi na bakwai. Ya wuce zuwa na sha bakwai, bakwai ɗin lafiya lau. Ya dawo na farkon, ya ajiye guntuwar takardar Hajo kusa da lambar. Ƙahon dama a karye, nan da can.

"Buɗe ƙofar baya."

"Ɗakin ajiya ne kawai, yallaɓai."

"Buɗe."

A ciki akwai ƙaramin injin hannu an lulluɓe shi da darduma, da gwangwanayen tawada, da farantin tagulla a ƙarƙashin tabarma. Wada ya aika askari ya zo da Malam Rabe da shugaban gidan waya.

Tsohon ya jawo aljihun akwatin haruffa. Bai yi lalube ba, yatsunsa suka tafi kai tsaye gurbin lambobi. Ya tsamo 'yar darma ɗaya, ya shafa mata tawada, ya danna a bayan hannunsa, ya nuna wa kowa.

Sabo ya zauna a ƙasa.

"Khalas, ni na yi," ya ce a hankali. "Wata huɗu ina sassaƙa farantin. Na ga fallayen barid da lamba a gefe, na ce in babu ita za a gane. Hajo ba ta san komai ba. Na zaɓe ta ne don na san ba za ta iya kai ƙara ba."

"Ka san abin da zai same ta?" in ji Wada.

Sabo ya sunkuyar da kai.

Malam Rabe ya ɗaga farantin, ya duba shi a hasken ƙofa. "Hannu mai kyau Allah Ya ba ka, yaro. Da ka zo wurina, da na kai ka inda za a daraja shi. Ka ɓata sana'a, kuma ka so ka ɓata mana suna."

Aka sa wa Sabo ankwa. Da aka fito da shi, 'yan kasuwa sun cika layin. Askarawa biyu suka gangara da shi zuwa mota.

Shugaban gidan waya ya matso kusa da Wada. "Za a saki matar yanzu. Wannan dattijo kuwa, a wace makaranta ya koyi haka? Masu dubawa uku gare ni, ba wanda ya lura."

Wada ya fara fassara wa tsohon, ashe ya riga ya ji. Malam Rabe ya gyara zaman hularsa, ya amsa da Larabcinsa na Sudan.

"A bakin inji na koya, a tsaye."

Da la'asar Wada ya zauna rubuta rahoto. A layin da aka tanada don ƙwararren da ya taimaka wa bincike, ya rubuta da manyan baƙaƙe: Rabe ɗan Zali, Bahaushe, mai haɗa haruffa, mazaunin Nakkasa. Ya busa tawadar ta bushe, ya ɗauki takardar da kansa ya kai ofishin babban kwamanda.