Wuyan da Ha Wenlu Ya Juya

Ƙawata, matso kusa.

Kin san Ha Wenlu, mai gyaran wuyan nan na bayan kasuwar shayi a garin Linxia na ƙasar Sin. Hannu da albarka, baki kuwa sai wulaƙanci. Kowa ya kawo masa sanƙararren wuya sai ya ce, "Kana kwana ruf da ciki kamar kwaɗo, ina laifin wuya?"

Ran nan ana kiran magariba yana rufe shago. Ba masallaci za shi ba, wai ya wuce nan. Taliya za shi saye. Sai ga tsohuwa a bakin ƙofa, farin mayafi ya rufe mata fuska, kanta a karkace.

"Iya, har ke? Matashin kai nawa kike jibgawa?"

"Babu ko ɗaya," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya ja tsaki, ya nuna mata gadon aiki. Gadon da ko kyanwa ta hau sai ya yi kuka, da ta hau, shiru. Warin kafur da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya danne na man zafi.

Ya sa yatsu a ƙeyarta. Sanyi kamar gindin randa.

"Tun yaushe kike kwana a haka?"

"Shekara uku. Ba ni na kwantar da kaina ba."

Shekara uku ke nan da aka tashi tsohuwar maƙabarta don a yi titi. Wenlu bai sauka sabon kabarin uwarsa ba, wai dutse zai ji masa a hannu. Leburorin da ba su san alƙibla ba ya bar wa su sake binne ta.

"Juya ni, autana."

Ya juya wuyan. Ƙas.

Kan bai tsaya ba. Ya wuce inda kan mutum ke tsayawa.

"Ka zarce," ta ce. "Kwanta in nuna maka."

Yatsu suka riƙe ƙeyarsa.

Rabin Ayatul Kursiyyu kawai ya iya lalubowa. Ya fizge, ya bar mata rigarsa, ya faɗo titi.

Da asuba ya durƙusa gaban liman, wai a tone kabarin a gyara. Liman ya ce matattu ba sa yawo, kuma ba a tone kabari don tsoron wani.

"To wa ya zo, Malam?"

"Wanda ya ga yadda aka kwantar da ita. Ba gawa kaɗai ke zama a maƙabarta ba."

Yanzu a zaune yake kwana, ƙeya manne da bango. Hannun da yake taƙama da shi ko kofin shayi ba ya riƙewa.

Don Allah kada ki faɗa wa kowa. Matarsa ƙanwata ce, hawan jini take cewa ya kama shi.