Takalmi a Kan Farin Daɓe

Mama na zaune a tsakar gida a unguwar Kawempe tana fere matoke, ɗanyar ayabar da ake dafawa, ganyen ayaba a shimfiɗe gefenta, sai ga Namakula ta faɗo kamar wadda aka biyo. Ta durƙusa ta gaida uwarta, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

"Mama, mun cika goma sha ɗaya! Memba goma sha ɗaya!"

"Goma sha ɗayan me? Tashi ki wanke hannu ki kama min aikin nan."

Namakula da Kasozi, saurayin da zai aure ta, sun kama hayar wani tsohon siton ajiye gahawa a hanyar Bwaise suka mai da shi situdiyon ɗaukar hoto. Sun saka fitilu, sun shafe bango da daɓe da farin fenti tas, har ba ka gane inda bango ya ƙare daɓe ya fara. Masu ɗaukar hoton da ba su da halin buɗe nasu wuri sai su yi rajista, su riƙa biya duk wata, kowa a rubuta masa awanninsa a allon da ke bakin ƙofa. Doka biyu ce kawai a wurin: ba a taka farin daɓe da takalmi, ba a cin abinci a ciki.

Yayanta Mukibi na kwance a benci yana latsa waya. Shekararsa talatin da ɗaya, bai taɓa riƙe aiki wata uku ba. Ya sayi tsohuwar kyamara ya rataya a wuya, wai a riƙa ce masa dairakta. Ya ɗago kai.

"Ashe suruki ya zama babban mutum. To ni awa nawa aka rubuta min?"

"Yaya, ai sai ka yi rajista kamar kowa."

"Rajista? Ni?" Ya tashi zaune. "Mama, kin ji 'yarki? Ni da zan karɓi zakara!"

Babansu ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ranar da dangin ango za su zo gabatarwa, ɗan'uwan amarya ne ke zama muko: shi ake miƙa wa zakara, shi ke cewa ya ba da ƙanwarsa. In ya naɗe hannu ya ƙi karɓa, a gaban jama'a za a kwashe kaya a koma. Saura wata biyu a yi bikin, kuma Mukibi ya san haka sarai.

Washegari ya je situdiyon ya ce a ba shi makulli. Kasozi ya ba shi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Lokacin fara ne, duk gari ana soya ta. Mukibi zai kwaso abokansa da 'yan matan da ba su san mene ne zane ba, su shiga da takalma daga cikin caɓin Bwaise, su baje a kan farin daɓen suna cin fara da hannu suna goge man a bango. In sun tafi sai a tarar da ƙafafun fara, cingam da aka tauna aka manna, kwalaben lemo, gashin kanti a dunƙule kamar mataccen ɓera. Har wani ya taɓa fyace majina a kusurwa. Tir! Ɗan mutum, da uwa a raye!

Kasozi kuwa sai ya durƙusa ya kankare, ya sake fenti. Fentin kuwa sai ya wuni kafin ya bushe, don haka duk memban da ke da awa ranar ya yi asara. A sati uku sau biyar ya yi fenti.

Atim ce ta fara magana. Mace ce mai ɗaukar hoton jarirai, ita ce memba ta farko da ta yi rajista, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

"Kasozi, a kan daɓen nan nake kwantar da 'ya'yan mutane. Jiya wata uwa ta tsinci ƙafar fara a zanin goyonta! Ni ba don in zo in tarar da dangin matarka nake biya ba. In aka sake, na tafi, kuma ba ni kaɗai zan tafi ba."

Da Atim ta fita, Namakula ta juyo kan Kasozi, idonta jawur.

"Ka karɓe makullin nan! Plis, Kasozi, ka karɓe!"

"In na karɓe, wa zai ba ni ke?"

"To sai mu zauna ya kashe mana wurin? Shekara biyu muna tara kuɗin fitilun nan, ko cinyar kaza ba ma saya!"

"Wata ɗaya da 'yan kwanaki ya rage, Nama. Ki bar ni in yi fenti."

"Fenti, fenti! Kai ba ka da zuciya ne?"

Ta fashe da kuka. Shi ma ya juya baya yana goge fuska da hannun riga, ya bar farin tabo a goshi.

Duk da haka ya je ya sami Mukibi cikin ladabi. Ya ce, "Yaya, na ware maka awa biyu kowace Litinin da safe, kyauta, har abada. Abin da nake roƙo kawai, a cire takalmi, a ci abinci a waje."

Mukibi ya dube shi sama da ƙasa. "Litinin da safe? Ragowar da kowa ya ƙi? Ni za ka koya wa cire takalmi? Okey. Za ka gani."

Ran Alhamis Gwaggo Nakato ta zo gidan. Ƙanwar marigayi babansu ce, ita ce ke koya wa Namakula zaman aure, kuma ta hannunta Kasozi ya fara neman izini. Tsohuwa ce da ba ta dariya sai da dalili. Mukibi ya jira aka zuba mata shayi, sannan ya matso da waya yana sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

"Gwaggo, ban so in nuna miki ba, amma amana ce a wuyana. Ga abin da ake yi a wurin surukin naku."

Hotunan 'yan matan nan ne a kan wata jar kujera, tsakiyar farin daɓe, kusan tsirara. Mama ta ɗora hannu a ka tana salati. Gwaggo ta ture wayar da bayan hannu kamar an miƙo mata ruɓaɓɓen nama.

"Wallahi Yaya ne ya ɗauke su!" Namakula ta yi ihu daga durƙushe. "Gwaggo, hotunansa ne! Shi ke kawo su!"

"Rufe min baki!" in ji Mama. "Saboda namiji za ki yi wa yayanki sharri?"

Mukibi ya ce, "Ni dai hannuna ba zai taɓa zakaran mutumin nan ba."

Gwaggo ta ajiye kofin shayin da ko kurɓa ba ta yi ba. "A dakatar da komai," ta ce. Ta ɗauki jakarta ta fita. Kwana biyu Namakula ba ta sa loma a baki ba.

Ran Asabar da hantsi Gwaggo ta ɗaura gomesinta, doguwar rigar da matan garin ke fita da ita, ta hau bodaboda, babur ɗin haya, ba ta gaya wa kowa ba. Niyyarta ta gaya wa Kasozi a fuskarsa ya nemi wata matar, don ita ba ta aika saƙo a bayan ido.

A bakin ƙofar siton ta tarar da mutane tsaye a rana. Ga Atim da jakar kyamara, ga wata matashiya rungume da jariri cikin fararen kaya yana ta tsala kuka, ga Namakula a rakuɓe, ga Kasozi da bokitin fenti a hannu. Daga ciki kiɗa ne ke tashi kamar zai tsaga kwano.

"Kai ne mai gidan tsiraicin?" in ji Gwaggo.

Kasozi ya ajiye bokiti ya rusuna. "Sannu da zuwa, Gwaggo. Don Allah kar ki shiga."

"Wa ke ciki?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce wa ke ciki?"

Atim ta ce, "Iya, in shi ba zai faɗa ba, ni zan faɗa. Kin ga allon nan? Ƙarfe goma zuwa sha biyu, sunana ne a rubuce. Na biya. Wannan baiwar Allah tun daga garin Mukono ta ɗauko jaririnta. Surukinsa ne a ciki ya kulle mu a waje, shi kuma ya tsaya nan da bokiti yana jiran ya wanke masa ƙazanta!"

Gwaggo ba ta iya karatu ba, amma ta dubi allon ta dubi jaririn. Ta ga takalman Atim da na matashiyar a jere a bakin ƙofa. Ba wanda ya ce mata komai, ta zare nata ta jera kusa da su, ta buga ƙofar da tafin hannu har sai da wani ya buɗe.

Warin mai da zufa da turaren banza ne ya fara dukanta. Ga jar kujerar nan da ta gani a waya, wata yarinya a kai ta ɗaga ƙafa. Ga ledojin fara a yashe, ga sawun takalma baƙi ƙirin ko'ina. Mukibi ya ba ƙofa baya, ya durƙusa da kyamara yana cewa, "Yes bebi! Juyo! Ƙara sauke hannun rigar kaɗan—"

Yarinyar ce ta fara ganin tsohuwar, ta wawuri labule ta rufe jiki. Wani ya kashe kiɗan. Mukibi ya juyo.

"Gwa... Gwaggo! Ai zuwa na yi in kama su—"

"Da kyamara a hannunka, da mai a bakinka?" Muryarta ba ta tashi ba. "Ku, 'ya'yan wasu, ku sa tufafinku ku tafi gidan iyayenku. Allah ya shirye ku." Suka fice suna tuntuɓe. Ta juyo kan Mukibi. "Cire takalmin nan."

"Gwaggo, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka yi ƙaryar. Cire! Ɗauki tsintsiya. In ka gama ka ɗauki tsumma."

Haka dairakta ya durƙusa yana tsince ƙafafun fara ɗaya bayan ɗaya, yana kankare cingam da farce, tsohuwa na tsaye a kansa.

"Ɗan'uwana ya mutu ya bar maka yarinya ka tsare, ka mai da ita abin karɓar makulli. Ana ba muko zakara ne don ya riƙe ƙanwarsa da mutunci. Kai ka riga ka cinye naka a kan daɓen nan. Wan babanku yana da ɗa a Masaka, Sentongo. Shi ma yayanta ne, jininsu ɗaya. Shi zai miƙa ta."

Mukibi ya ɗago a firgice. "Duk dangi za su tambaya me ya faru!"

"In sun tambaya, ni zan ba su amsa."

Kasozi ya matso. "Gwaggo, ki yafe masa. Abin kunya ne babba a gare shi."

"Kai kuma yi min shiru, ban gama da kai ba. Ka rufa wa surukinka asiri, na gani, kuma shi ya sa zan ba ka 'yata. Amma wa ya ce ka yi haƙurinka da haƙƙin wasu? Matar nan ta biya. Jaririn nan ya sha rana. Fentinka da gwiwarka naka ne, ka ba wanda ka ga dama. Awarta ba taka ba ce. Je ka ba ta haƙuri."

Ya je ya rusuna gaban Atim da uwar jaririn ya nemi gafara. Atim ta yi tsaki, ta ce ta ji, amma a canja kwaɗon ƙofar yau ɗin nan. Aka shimfiɗa farin zane a gefen da Mukibi ya gama gogewa, aka ɗauki jaririn hoto yana barci. Namakula ta durƙusa ta riƙe ƙafar Gwaggo tana kuka.

"Tashi," in ji tsohuwar. "Ki je ki ci abinci. Ba zan kai wa mutane ƙashi a matsayin amarya ba."

Ranar da aka sa ba ta motsa ba. Dangin Kasozi suka zo cikin fararen riguna da kwanduna a ka, Sentongo ya karɓi zakara da hannu biyu ya ce ya ba da ƙanwarsa. Membobin situdiyo duka suka zo da kyamarorinsu ba wanda ya gayyace su aiki, har baƙi na tambaya ko 'yar minista ake aurarwa. Mama ta kira Namakula ɗaki ta roƙe ta gafarar tsawar da ta yi mata. Mukibi kuwa kujeru ya jera tun safe, ya ci abincinsa a bayan rumfa.

Ku yaran yanzu, ku ji da kyau. Wanda ya riƙe wata dama a aurenku bai mallake ku ba, kuma kai da aka ba damar, amana aka ba ka, ba makullin dukiyar suruki ba. Ku yi haƙuri da dangi, Allah yana biyan mai haƙuri, ga shi ya biya Kasozi da mata da wurin sana'a. Amma ku yi shi da abin da yake naku. Ranar da haƙurinku ya tsayar da jaririn wata a rana, ya daina zama haƙuri, ya zama zalunci, kuma sai kun amsa.