Ban Kira Ki Ba, Sausan

"Jarba? Tsibirin Jarba fa ka ce, Nizar!"

"Shago na samu a can, rabin raina. Ki tsaya ki ji ƙarshen maga..."

"Babu abin da zan ji! Baba fa? Mutumin da ko matakalar gidanmu ba ya iya sauka sai na riƙe shi, shi zan bari a Tunis in bi ka?"

Sausan ta saɓa jakarta ta fice daga shagon turaren Nizar.

Gaskiyar magana, fushin nata rabi ne, sauran rabin kuwa sana'a ce. Aikinta raka baƙin da ke sauka daga manyan jiragen ruwa, ta zaga da su tsohuwar kasuwa. Kullum huɗubarta ɗaya: ku sa takalmi marar tsini don duwatsun lungu na da santsi, ku hau saman benen masu darduma ku kalli gari kyauta. Babbar cikinsu kuwa, in kun ga abin da ranku ke so kada ku nuna. Ku ajiye, ku juya a hankali, mai kaya zai kira ku kafin ku sha kwana.

Tun da raɗe-raɗin Jarba ya iso gida, Goggo Naziha, ƙanwar babanta, ta zaunar da ita.

"Ke da kike koya wa Turawa ciniki, yaro guda zai gagare ki? Juya masa baya kawai, da bakinsa zai ce ya fasa. Yayana ba zai ƙare kwanansa shi kaɗai ba!"

Don haka a hankali take tafiya, kunnenta na baya. Ta wuce mai farantan tagulla. Ta tsaya gyara takalmin da lafiyarsa lau. Har ta sha kwana ba ta ji sunanta ba.

"Gobe zai kira," ta ce a ranta.

Gobe ta zo ta wuce. Sausan ta canza hanyar da take bi da baƙinta don kada ya ce ita ta fara nema. Waya na hannunta ko wanke-wanke take yi, motsi kaɗan ta duba.

"Yaron nan mai turare ya daina leƙo mu," in ji Baba wata safiya tana zuba masa shayi.

"Aiki ne ya yi masa yawa, Baba."

Goggo kuwa cewa take a ƙara ja wa Nizar aji, ya kusa saukowa. Ita ma Sausan ɗin, kunyar komawa ta riga ta yi mata katutu. Haka zafi ya wuce, jiragen suka ragu, kewarsa na cin ta a tsaye.

Ran nan wasu baƙi suka matsa sai sun ga layin masu turare. Ta tsaya da su gaban wasu kwanduna masu shimfiɗar farin yadi.

"Wannan kwandon amarya ne. Dangin ango ke cika shi da lalle da turare da kyandir, su kai gidan..."

Maganar ta maƙale. Nizar ne tsaye riƙe da irinsa, mahaifiyarsa Hajiya Bahija na gefensa.

Wani daɗi ya taso mata, ta ce a ranta ashe Goggo ta yi gaskiya! Sai dai Hajiya ta amsa gaisuwarta ido a ƙasa, ta yi wuf ta shige wani shago. Nan jikin Sausan ya yi sanyi.

"Na wace ce?" ta tambaya.

"'Yar ƙawar Umma ce. Jibi za a kai."

"Nizar... ko sau ɗaya ba ka kira ni ba!"

"Na ga tafiyarki ranar, Sausan. Har tsayawa gyaran takalmin na gani. Tafiyar da kike koya wa baƙi ce, kullum a gabana ake yin ta."

"To me ya hana ka..."

"Wuni nake ina kiran mutane su dawo in rage musu. Ban zaci matar da zan aura ma sai na yi mata haka ba. Na ce in da gaske tana so na za ta dawo da ƙafarta. Wallahi na jira ki, har Umma ta fara jin tsoron halin da nake ciki."

Hawaye suka zubo mata, ba ta damu da baƙin da suka zuba musu ido ba.

"Saboda Baba ne, ka sani. Ba ni da kowa sai shi."

Ya ɗago kai daga kallon kwandon. Idanunsa sun yi ja.

"Gidan da na kama a Jarba yana da ɗaki a ƙasa, babu matakala ko ɗaya, tagarsa na kallon teku. Don Baba na zaɓe shi. Abin da nake son faɗa miki ke nan kika ce babu abin da za ki ji."

Daga cikin shagon, Hajiya ta kira sunansa. Ya gyara riƙon kwandon.

"Ki gaishe min da Baba," ya ce, ya shiga.