Talatar da Aka Bar Baba Orville Cikin Ƙanƙara

Wayyo duniya! Ranar da aka tuɓe wa Marlys Tollefson falmaran ɗinta a bainar jama'a, ko dutse ne a ƙirjin mutum sai ya motsa, amma mu da muke zaune a wurin ko tari babu wanda ya yi... A zauren da ke ƙarƙashin cocin garinmu aka yi abin, nan arewacin Minnesota, inda kulob ɗinmu na agaji yake zama duk Alhamis da rana. Shugabanmu Duane Sather ya buga ƙararrawa, idonsa na kan kofin gahawarsa, ya ce, "Marlys, kwamiti ya yanke shawara. Ki ajiye rigar a kan tebur." Rawayar falmaran ce, wadda duk inda ka je a duniya za ka ga 'yan kulob ɗin nan da irinta, tata kuwa ta yi nauyi da bajojin shekara ashirin da biyu na hidima. Ta cire, ta ninke ta kamar mai ninke likkafani, hawaye na ɗiga a kai.

"Shugaba, Allah ne shaidata, musaya muka yi," in ji ta. Sai ta juya wajen Gaylene, yayar mijinta marigayi. "Yaya, ki faɗa musu mana... Don girman Allah ki faɗa musu!"

Gaylene ta dafe ƙirji. "Ni? Musayar me? Haba Marlys, kin kusa kashe tsoho, yanzu kuma ni za ki shafa wa kashin kaji? Kai, gara da ƙanena bai ga wannan rana ba."

Bari in koma baya ku ji yadda aka yi. Cikin ayyukanmu akwai kai marasa lafiya asibiti, tunda asibitin tafiyar awa guda ce daga garin. Akwai takarda a jikin allo, kowa ya rubuta sunansa a ranar da zai ɗauka. To mu nan muna da wata ɗabi'a, in uzuri ya taso sai mutum biyu su yi musayar aiki da baki kawai, ba a gyara takardar, don a ganinmu goge suna kamar nuna rashin yarda ne. Shekara da shekaru haka muke yi, ba a taɓa samun matsala ba. Marlys ce mai Talata. Ita ke kai Baba Orville Brekke wankin ƙoda, wani tsohon manomi ne da ciwon suga ya cinye wa idanu, shi kaɗai yake zaune a gidansa na bakin gari.

Ana cikin tsakiyar hunturu, sai Gaylene ta tare ta a wajen ajiye motoci, su biyu kaɗai. "Ƙanwata, bayana ya matsa mini. Ki tsaya mini a kaskon fanken da kulob ke sayarwa ranar Asabar, ni kuma in ɗauke miki tsohonki ranar Talata." Marlys ba ta iya cewa a'a ba, balle ga dangin mijinta. Ita marainiya ce, ba ta haihu ba, tun da mijinta ya rasu su ne kaɗai nata. Ta tsaya awa biyar a gaban kasko tana juya fanke har ƙafafunta suka kumbura. Ranar Talata kuwa, sai labari ya iske Gaylene cewa gwamnan kulob na shiyya yana cin abincin rana a garin da ke kusa, ita kuma idonta na kan kujerar shugabanci. Ta shafa jambaki ta kama hanya. Baba Orville ya tsaya a bakin titi da sandarsa, iska na yanka kamar reza, har ƙafafunsa suka gaza ya faɗi. Mai raba wasiƙu ne ya tsince shi, dusar ƙanƙara ta fara rufe shi, jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa, babu baki babu motsi.

Aka duba takarda, sunan wa ke kan Talata? Marlys. Da ta ce ai kowa ya gan ta a kasko ranar Asabar a madadin Gaylene, sai aka ce yo wace Asabar ce ba a ganinta a kasko? Kun ji fa, alherinta ne ya zama shaida a kanta!

Daga nan sai masifa ta riƙa zuwa kamar an buɗe mata ƙofa. Ta je asibiti da miyar kaza a kula, 'yar tsohon, Renae, wadda ta zo daga birni, ta tare ta a bakin ɗaki ta ce, "Baiwar Allah, in kina da sauran kunya kada in sake ganin ƙafarki a nan." A coci bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai. Matan da suke ɗinkin bargo tare suka canja rana ba su gaya mata ba. A kanti sai mutum ya hango ta ya juya keken sayayyarsa ya shige layin sabulu. Mu mutanen nan ba mu iya zagi ba, da murmushi da shiru muke kashe mutum. Abin da ya fi ci mata rai shi ne surukarta, tsohuwar da ta yi wa wanka da hannunta lokacin da ta karye a ƙugu. Ta je gaishe ta ranar Ista, tsohuwar ta leƙo ta labule ta ce, "Gaylene ta gaya mini komai. Je ki, ɗana ya mutu, zumunci ya ƙare." Marlys ta koma mota ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kuka har muryarta ta dishe. "Ya Ubangiji, ba ni da uwa ba ni da uba, ba ni da mai tsaya mini... Ban roƙe ka komai ba sai ka tashi kafaɗun bawanka Orville. Ko ba a wanke ni ba, shi dai ya rayu."

Ya kuwa rayu. Wata uku ya yi kafin harshensa ya fara sakuwa, aka mayar da shi gidan kula da tsofaffi. Kullum sai ya ce, "Ina Marlys?" Masu zuwa duba shi sai su kawar da zancen, wai kada a tayar masa da hankali. Kowa ya ɗauka ƙorafi yake so ya yi. Babu wanda ya tambaye shi me ya faru, tunda a wajenmu takarda ta riga ta gama magana. Gaylene kuwa ba ta taɓa taka ƙafa wajen ba, kullum bayanta ne.

A watan Yuni aka shirya walimar rana don ɗora Gaylene a kujerar shugabanci. Duane ya so ya ba ta mamaki, ya sa Renae ta kawo mahaifinta a keken guragu ba tare da an gaya wa kowa ba. Gaylene tana tsaye tana jawabi a kan riƙon amana, sai tsohon ya karkata kai yana saurare, ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Wannan... wace ce?"

"Sabuwar shugaba ce, Baba," in ji Renae. "Yi shiru."

"Shugaba? To ki tambaye ta... minti biyar ɗin nata bai cika ba har yanzu?"

Gaylene ta yi wata 'yar dariya. "Allah sarki, tsufa. Baba ya rikice."

"Idona ne ya mutu, yarinya, kunnena na nan garau." Yana magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Ke kika buga mini waya da safe. Kika ce yau ba Marlys ba ce, ke ce. Kika ce in fito bakin titi in jira, minti biyar, don kada takalminki ya jiƙe. Marlys ba ta taɓa sa ni jira a waje ba. Har ɗaki take shigowa ta ɗaura mini gyale a wuya kamar jariri, ina mita tana dariya. Ina kuka kai mini ita?"

Jama'a, ban taɓa ganin fuska ta zube irin ta Gaylene ba! Ta ce mantuwa ce, ta ce tsoro ne, ta ce ai kowa na kuskure. Duane ya miƙe. "Mantuwa ta yini ɗaya ce, Gaylene. Wata biyar kina kallon matar ƙanenki tana cin wuta a kan laifinki." A take aka kaɗa ƙuri'a, ko hannu ɗaya bai tashi dominta ba. Ta fita ta ƙofar kicin, kafin kaka ta sayar da gidanta ta bar garin, kuma babu wanda ya yi mata rakiya.

Mu kuwa sai muka ɗunguma gidan Marlys, mota bayan mota, kowa kansa a sunkuye. Muka same ta a bayan gida tana cire ciyawa cikin tumatir. Ta ga taron ta firgita, ta zaci tsohon ne ya cika. Renae ta durƙusa cikin taɓo da fararen kayanta tana kuka, "Inna, ki yafe mini, na kore ki kamar kare..." Surukarta, wadda ita ma ta biyo mu daga walimar, ta riƙe gefen rigarta. Duane ya fara karanta takardar ban-haƙuri da mayar da ita cikin kulob, kuka ya ci ƙarfinsa a layi na biyu.

Marlys ba ta ma saurare shi ba. Ta hango Baba Orville a kekensa can bayanmu, ta ratsa mu ta isa gare shi, ta tsugunna ta kama hannun tsohon.

"Baba... kana magana?"

"Ina fa magana. Kin san wanda yake kai ni asibiti yanzu? Duane! Tuƙi kamar mai jan gawa, ga shi ba ya hira. Talata ƙarfe tara, kada ki makara."

Ta ɗora goshinta a kan hannunsa, kuka da dariya suka haɗe mata. "Tara saura kwata, Baba," in ji ta. "Ka jira ni a ciki."