Muryar Iliyasu

Ranar kasuwar Goronyo Mas'uda ta fara ganin Abdulƙadiri, a rumfarshi ta gyaran kwamfuta bayan 'yan albasa. Ta aje mashi tsohuwar laftof, ta ce ba ta tashi. Kunya ta hana ta ƙara komi. Shi kuwa da ya kalle ta sai ya manta bai tambayi mi ke ciki ba.

Laftof ɗin ta yayanta Iliyasu ce, wanda ruwan Rima ya ci bara wurin kamun kifi. Muryarshi na ciki, karatunshi da tsokanar da yakan yi wa Inna yana ɗauka. Kullum bayan la'asar Inna kan sa a kunna mata.

Abdulƙadiri ya yi abin da masu gyara ke yi wa kowace tsohuwar na'ura. Ya sake batir, ya share komi, ya ɗora mata sabuwar manhajar windo. Da yamma ya turo saƙo: "Kwamfutarki ta tashi, 'yar Wurno. Saura mai gyaran, tunda kinka tahi bai dawo daidai ba."

Ta yi murmushi ita kaɗai. Washegari ta karɓo ta, ta kunna a gaban Inna, babu komi ciki.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dai ci gaba da zama gaban laftof ɗin bayan la'asar, tana kallon gilashin. Mas'uda ta daina amsa saƙonshi, amma tana karantawa. Da ya turo baffanshi neman izinin aurenta, Inna ta ce wanda ya sake binne mata ɗa ba zai taka zauren ga ba.

"Ba a iya dawo da shi?" Mas'uda ta rubuta a ƙarshe.

"Na gwada, Uda. Abin da na share ya tahi. Ki ba ni sunayen abokanshi."

Ya rufe rumfa ya hau babur. Ya je Gandi, ya je Lahodu, ya bi masunta bakin dam, yana roƙon su duba tsohin saƙonnin murya a wayoyinsu. Wasu sun sake waya. Wani ya ce yana tsoron saurare, amma ya miƙa mashi wayar.

Ya zo Wurno ya tsaya waje, ya zuba saƙonnin da ya samo cikin laftof ɗin, Mas'uda ta shiga da ita ta danna. Sai ga Iliyasu yana musu kan komar kamun kifi, yana dariya, iska na kaɗawa bayanshi. Can ya ce wa wani aboki, "In ka riga ni, ka ce wa Inna ta aje min tuwo, ina tahe."

Inna ta matso kusa da laftof ɗin. Wannan ba ta taɓa jin shi ba.

"Tana iya ƙara shekara nawa, kwamfutar ga?" ta tambaya.

Daga ƙofar zaure Abdulƙadiri ya ce in dai yana raye ba za ta mutu ba, kuma ya kwafe muryar a wani wuri daban.

"Shigo ka sha ruwa, ɗana."

Bayan an cire albasa anka ɗaura aure. Da za a tahi da amarya, Inna ta riƙe hannunta ta ce Allah ya ba su zaman lahiya, ya sa su tsufa tare, ya jiƙan wanda bai ga ranar ga ba. Mata sunka ce amin.