Ba a Ji Ta Bakinta Ba

A ɗakin ajiyar takardu na kotu wani mai walda ya fara ganin magatakardar, ranar da ya je karɓar kwafin hukuncin da ya raba mahaifinsa da shagonsa. Shekara shida ana ɗage shari'ar, sai aka yanke ta ranar da tsohon yake kwance a asibiti.

Ya shigo yana huci, yana cewa da shari'ar Allah ce ke mulki da ba a yi musu wannan wulaƙancin ba. Magatakardar ba ta yi masa musu ba. Ta tono fayil ɗin, ta karanta, ta ce, "An zalunce ku." Nan take zuciyarsa ta faɗa hannunta.

Daga gaisuwa aka koma saƙo.

"Alƙaliyata, kin ci abinci?"

"Sai ka saki fuska tukuna, Ustazuna."

Babanta ya ce sam, ba zai ba mai zafin kai 'yarsa ba. Majalisar karatun da mai walda ya shiga bayan shari'ar, inda ya fara samun masu jin kukansa, ita ma ta zauna ta yanke cewa mai yi wa kotun gwamnati aiki ba matar aurensa ba ce. Wanda ya kai ƙarar kuwa tsohon manemi ne da ta kora, amma ba wanda ya bincika. Abin haushi, mai walda ya bi umarninsu. Ya tura mata: "Malamai sun yanke hukunci. Ki yafe mini."

Da rana tsaka ta same shi a wurin aiki, ranta a ɓace.

"Wa ya kira ni a cikinsu? Wa ya ji ta bakina? Abin da aka yi wa babanka kuka yi min, sai dai ku da bismillah kuka fara."

Ya kashe injin, kunya ta rufe shi. Washegari ya roƙi majalisar ta saurare ta, aka ƙi. Ya miƙe ya ce shari'ar da yake fata ba ta hukunta mutum a bayan idonsa, ya sa takalmansa ya fita.

Da labarin ya kai wa babanta, ya ce a turo magabata.

Har yau mai walda yana nan da fatansa, ita ma tana nan a ofishinta, suna ta gardama a kan tabarma ɗaya. Ranar ɗaurin aure mutum biyu ne kawai suka zo daga majalisar, su suka fi kowa ɗaga murya wajen cewa Allah ya sanya albarka.